Wasiƙa ga masu harhaɗa sakamakon binciken lafiya

Malamai da likitoci,

Daga Damagum nake rubuto muku, inda ma'aikacin asibiti ba shi da sararin karanta bincike arba'in kafin ya duba mara lafiya. Abin da kuka tattara kuka tace shi ke zama ƙa'idar magani a hannunsa. Saboda haka roƙona ɗaya ne: ku nemo binciken da ba a wallafa ba.

Wanda ya san kasuwar shanu ta Potiskum ya san dillali ba ya jawo ramammiyar saniya gaba. Haka mujallu suke. Gwajin da magani ya yi aiki shi ake bugawa, wanda bai nuna komai ba sai ya kwanta a durowa. A 2008 Erick Turner da abokan aikinsa sun bi diddigin gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon damuwa da aka miƙa wa hukumar FDA ta Amurka. A mujallu kashi 94 cikin ɗari sun nuna nasara, a takardun hukumar kuwa kashi 51 ne kacal.

Na san kuna da dabaru. Kuna zana jadawalin nan mai siffar mazurari don ganin ko ƙananan gwaje-gwaje sun karkata gefe guda, kuna aiki da ma'aunin Egger na 1997 da hanyar datsewa da cikewa ta Duval da Tweedie. Ku ci gaba, amma kada ku dogara da su idan binciken bai kai goma ba. Kuma lissafi ƙiyasi kawai yake yi, ba ya dawo da abin da aka ɓoye. Ƙananan gwaje-gwaje sun taɓa nuna cewa maganiziyam na ceton masu bugun zuciya, har sai da gwajin ISIS-4 na 1995, mai mutum fiye da 58,000, ya nuna babu wannan amfanin.

Don haka ku tashi ku nema. Ku duba rajistar gwaje-gwaje ta Afirka, PACTR, ku rubuta wa waɗanda suka yi rajista suka yi shiru. Ku buɗe kundayen digiri da ƙura ta rufe a Maiduguri da Kano da Zariya.

Ciwon ƙoda na cinye mana 'yan'uwa a Gashuwa. Ɗalibin da ya auna ruwan wata unguwa bai ga alaƙa da ciwon ba, ku saka nasa sakamakon a cikin lissafinku.

Wassalam,
Ɗan'uwanku daga Damagum