Littafin da ya riƙe sunayen Eyam

Mai karatu, da za a tambaye ka sunan kakan kakanka da shekarar da ya rasu, ina za ka duba? Mutumin ƙauyen Eyam, a yankin Derbyshire na Ingila, cocin St Lawrence zai nufa. Tun 1538 aka umarci kowace cocin unguwa a Ingila ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, kuma littafin Eyam na ɗauke da labari mai nauyi.

A 1665 aka aiko wa telan ƙauyen ƙunshin yadi daga Landan, inda annoba ke ta kisa. George Viccars, wanda ya kwance ƙunshin, shi ya fara mutuwa a watan Satumba. Da cutar ta yi ƙamari a 1666, limamin cocin, William Mompesson, tare da tsohon limami Thomas Stanley, suka shawo kan jama'a kada kowa ya fita, don kada a kai wa maƙwabta. Aka mayar da ibada fili, kowane gida ya binne mamatansa. Maƙwabta kan ajiye abinci a bakin iyaka, 'yan ƙauyen su bar kuɗi cikin ruwan khal.

Mutum kusan 260 suka rasu. Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas. Catherine, matar limamin, ta ƙi barin mijinta, ita ma ta rasu a watan Agusta, kabarinta na nan a harabar cocin. Har gobe, ranar Lahadin ƙarshe ta Agusta ana taruwa don tunawa da su.

Abin lura shi ne, ana binne mutane ana kuma rubuta sunayensu. Da ba a yi haka ba, da yanzu sai dai a ce "an taɓa yin wata annoba". Rubutun ne ya sa bayan shekara fiye da 350 ake kiran kowane mamaci da sunansa.

To, mu fa? Tarihin gidaje da yawa yana bakin tsohuwa ɗaya, ranar da ta kwanta dama ya tafi da ita. Ka samo littafi a makon nan, ka zauna gabanta, ka rubuta. Wa ke riƙe da tarihin gidanku? Ku gaya mana a ƙasa.