Bakin ruwan Bakolori: amfani na biyu da ba mu taɓa girba ba



Ranar da na fara ɗauko wannan magana a wani zaman shugabannin ƙungiyoyin manoma a Talata Mafara, wani dattijo daga Morai ya dube ni ya ce, "Malamin gona, mu da ke kwana da takalmi a ƙafa kake yi wa zancen shaƙatawa?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Baba yana da gaskiya. Garin da aka kwashi 'yan mata kusan 300 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura a Agustan wannan shekarar, aka rufe kasuwannin mako da layukan waya a Satumba, ba garin da za a yi wa alkawarin Turawa masu yawon buɗe ido ba ne. Ni ma ba Turawa nake nufi ba. Mutanen Gusau nake nufi, da na Sakkwato, da mu kanmu.

Ga abin da ya sa nake ganin lokacin maganar ya yi. Shirin TRIMING na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014 kuma ya gyara magudanun ruwan Bakolori, ya ɗora wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa nauyin kula da ƙananan magudanai da tara kuɗin ruwa. A 2024 bankin ya amince da wani sabon shiri na dala miliyan 500 kan madatsun ruwa da noman rani a Najeriya. A Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Duk lokacin da kuɗi da iko suka motsa irin haka, akan zauna a ofis a zana abin da za a yi da kowane taƙi na ƙasa. Bakin dam ma za a zana shi. In ba mu sa baki yanzu ba, wata rana za mu tashi mu tarar an ja waya an kafa allo.

Dam ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne. An kammala gina shi a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin. Yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, tafkinsa ya shimfiɗu a kan hekta kusan 8,000. Tun ranar da aka tare shi, lissafin hukuma ɗaya ne: hekta nawa aka shayar, buhu nawa na shinkafa aka samu. Lissafi ne mai kyau, shi ne aikina ma. Amma ruwa ɗaya yana iya yin aiki biyu. Ruwan da zai bi magudana ya shayar da albasa gobe, yau yana kwance, kuma mutum zai biya kuɗi don ya zauna bakinsa, ya shiga kwalekwale, ya ci gasasshen kifi. Kallo ba ya rage ruwa ko cokali ɗaya.

Mu kan ɗauki wasa abin banza, shi ya sa ba mu ƙirga kuɗinsa. Amurkawa ma sai a 2016 suka yi doka ta musamman cewa a riƙa ƙirga abin da fita shan iska ke kawowa, wato kamun kifi na nishaɗi, farauta, tuƙa jirgin ruwa, hawan dutse da makamantansu. Da aka ƙirga na 2023 sai aka tarar ya kai kashi 2.3 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasar, da ayyukan yi kusan miliyan 5. Ba ina cewa Maradun za ta zama Amurka ba. Abin ɗauka kawai shi ne, sai da suka ƙirga sannan aka ga girman abin.

Misalin da ya fi kusa da mu yana ƙasa da mu a kan ruwan nan. Ruwan da ya wuce ta gabanmu ya haɗu da Rima shi ke isa Argungu. Bikin kamun kifinsu ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattalinsu. Ya yi kusan shekara goma a kwance kafin a dawo da shi a Maris 2020, inda kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78. Mutane kan tsaya kallon giwan ruwan da aka ɗaga sama. Ni abin da ya fi burge ni shi ne ƙa'idar da ke bayansa: Matan Fada a rufe yake, ba a su a cikinsa sai ranar da Sarkin Ruwa ya buɗe. Hana kamun nan shi ke sa kifi ya girma. Wato bikin da kansa hanya ce ta kiwon kifi, kafin a zo ga mai masauki da mai abinci da mai mota da ke cin kasuwar kwanakin. Haka a Nijar, tun 1975 da aka fara kokawar takobi a Tawa ake zagayawa da ita jiha jiha, kuma duk garin da ta sauka, 'yan kasuwarsa sun san ta sauka.

To mu fa? Muna da ruwa, muna da masunta da sarakunan ruwansu, muna da 'yan kokawa da 'yan dambe waɗanda kaka na yi suke bazama wasu garuruwa neman fili. Muna da kasuwar Talata wadda dama tana tara jama'a, ga kuma babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato ta ratsa mu. Abin da babu shi ne tsari.

Bari mu yi lissafi irin na gona, na misali ne kawai, kowa ya sa nasa adadin. A ce ranar yawon Sallah mutum 400 suka zo bakin ruwa, kowa ya kashe naira 2,500 tsakanin kuɗin babur, kifi, rake, kankana, fura da shiga kwalekwale. Naira miliyan ɗaya ke nan a yini guda. Tambayar ita ce aljihun wa za ta shiga. Manomin da ke sayar wa dillali kwandon tumatur a wulaƙance lokacin da kaya suka yi yawa, ko mai masarar rani da ke jiran ta bushe ya auna a mudu, shi ne zai fi kowa sanin bambancin. Masarar da aka gasa aka sayar ɗaya ɗaya ta fi wadda aka auna kuɗi nesa ba kusa ba. Haka kifin da aka gasa da yaji a wurin ya fi wanda aka loda ɗanye aka kai birni. Matan da ke cikin gida masu ƙuliƙuli, hoce da zoɓo su ma kasuwa ta zo musu kusa. Kuma kuɗin yana shigowa ne a tsakanin girbi da girbi, lokacin da ake neman na taki.

Yanzu ga inda nake jin tsoro, kuma nan ne na fi son a tsaya a saurara. Da zarar an ce yawon shaƙatawa, abin da ke zuwa kan mai mulki shi ne otal. A ba ɗan kwangila fili, a kewaye, a sa maigadi. An yi haka a Kano, a bakin tafkin Bagauda, zamanin Audu Bako. Otal ne na gani na faɗa a lokacinsa, yau makarantar horar da lauyoyi ce a wurin. Ko lokacin da irin waɗannan wurare ke aiki, kaji da shinkafarsu daga birni ake sayo su, ɗan ƙauye sai dai gadi da shara. A nan Bakolori kuwa maganar karɓar fili ba ƙaramar magana ba ce. Iyayenmu sun rasa gonaki da gidaje lokacin gina dam, suka tare hanyoyi suna neman diyya, a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu da kewaye. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen gari suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Akwai tsofaffin da suka ga wannan rana da idonsu, suna nan da ransu. Duk wani tsari da zai fara da kore masunci daga mashigarsa, ko toshe wa makiyayi mashaya, ko hana mai lambu jan ruwa, ba za mu goyi bayansa ba, ko da wane suna aka kira shi.

Saboda haka abin da ya kamata ƙungiyoyinmu su nema a rubuce shi ne, a keɓe wani yanki na bakin ruwa, ba duka ba, a ba haɗaɗɗiyar ƙungiyar manoma da masunta izinin gudanar da shi na wasu shekaru, rumfunan sayar da abinci su zama na 'yan ƙasa, kuma wani kaso na kuɗin ƙofa ya tafi asusun yashe magudanai. Wannan na ƙarshen shi ne zai sa hukuma ta saurare mu, don kowa ya san wahalar da ake sha wajen tara kuɗin ruwa.

Wa za a kai wa kuka? Nan ne mutane ke ɓata kafa. Dam ɗin na tarayya ne, yana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, don haka izinin taɓa bakinsa daga can zai fito. Dokar wuraren shaƙatawa da masaukai kuwa ta jiha ce, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka tun 2013 a shari'ar gwamnatin tarayya da jihar Legas, wato majalisar dokoki ta Gusau ce mai wuƙa da nama. Sannan tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, tashoshin mota, filayen shan iska, har da ba kwalekwale lasisi. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, har da wasu kansiloli. Kun ga ke nan shugabannin Talata Mafara, Bakura da Maradun ba sai sun jira Abuja ba kafin su share filin kokawa, su gina makewayi, su yi wa jirage rajista. Abuja ta haɗe ma'aikatar yawon buɗe ido da ta al'adu a Oktoban 2024, amma ni ban ga dalilin da zai sa mu zauna jiran a tuna da mu daga can ba.

Akwai abubuwan da in ba a gyara ba, gara kada a fara. Na farko rai. Hatsarin jirgin ruwa na Gummi a Satumban 2024 ya ci mutane da dama, manoma ne masu zuwa gona. Ba rigar ceto, ba shiga jirgi, kuma a rubuta adadin mutanen da kowane kwalekwale zai ɗauka a jikinsa, Sarkin Ruwa ya tsaya a kai. Sai tsargiya, fitsarin jinin nan da yaranmu ke ɗauka a ruwan da ke kwance inda dodon koɗi ke taruwa. Kada a gayyato yaran makaranta a sake su wanka, kallo da shiga jirgi sun isa, kuma dole a yi makewayi nesa da ruwa don da fitsari da bahaya cutar ke komawa ciki. Sai namu laifin mu manoma: wanke injin feshi a magudana, jefar da robar maganin ciyawa, da masu zuba guba don kama kifi. Wanda ya ci kifi ya kwana da ciwon ciki ba zai dawo ba, kuma zai gaya wa goma.

Maganar tarbiyya ma kada a kauce mata, jihar Shari'a muke tun 2000. In aka bar wurin ya zama matattarar shaye-shaye, malamai za su yi wa'azi a kansa, kuma za su yi daidai. A sa limamai da hakimai cikin kwamiti tun ranar farko, a ware wurin iyali, a tashi kafin Magariba.

Na dawo kan tambayar Baba na Morai, wato tsaro. Ba na cewa wasa zai kori ɓarayin daji. Amma na lura da abu ɗaya a yawon aikina: saurayin da ya gama aikin damina, ba shi da fili a noman rani, ba shi da jari, watanni biyar yana zaune, shi ne ake ruɗa da kuɗin kai wa daji fetur ko labari. In yana tuƙa kwalekwale, ko yana gasa kifi, ko yana da fagen kokawa da zai ci kyauta a san sunansa, ya samu abin da zai yi asara in ya kauce. Kuma ba wai a fara da babban biki na kwana uku ba. A fara da rana tsaka, wuri ɗaya kusa da gari, da sanin jami'an tsaro da Askarawan Zamfara, a ranar da dama mutane ke fitowa. In rahoto ya nuna hanya ba lafiya, a ɗage, ba kunya a ciki. In kuma shekarar ba ta ba da dama ba sam, takardar izinin da dokar suna nan suna jira, ba sa ruɓewa.

Abin da kowace ƙungiya za ta iya yi bana ba tare da ko sisin gwamnati ba shi ne ƙirge. A Sallah mai zuwa, ko ranar da aka yi kokawar kaka a garinku, ku sa matasa biyu masu karatu da littafi da biro. Su rubuta mutum nawa suka zo, daga wane gari, masu sayarwa nawa, me suka sayar, nawa kowa ya tashi da shi, babura nawa suka yi jigila. Sakataren ƙungiya ya haɗa, a sa hannu, a ajiye kwafi. In aka samu irin wannan daga garuruwa biyar ko shida na ƙananan hukumomin nan uku, shi za mu ɗauka mu kai wa ɗan majalisar jiha da manajan aikin Bakolori kafin a rufe kasafin baɗi. Wanda ke son samfurin takardar ƙirgen ya tambayi malamin gonar yankinsa, shafi ɗaya ce.