Na'urar Awo Ta Zo, Amma Wa Ke Auna Ta?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi tsokaci a kan yadda kamfanoni ke sauke ma'aikatan awo suna sa na'ura a madadinsu.

A da, a kamfanin shinkafa ko sukari ko taki, mutum ne ke tsaye da sikeli. Cikin tarin buhuna sai ya zari ɗaya ya auna, sauran su wuce. Yanzu kuwa buhu kan bel yake tafiya, ya bi ta kan sikelin lantarki, kwamfuta ta karanta nauyinsa, wanda bai cika ba a ture shi gefe. Kowane buhu sai an auna shi. Wannan ci gaba ne, ba na musu.

To amma jama'a, na'ura ba ta san kilo ba sai abin da aka nuna mata. Kafin ta fara aiki sai an ɗora mata ƙarafan awo waɗanda aka tabbatar da nauyinsu, a saita ta da su. Zafi da ƙura da girgizar inji kuma suna sa ta kauce a hankali. Ma'aikaci in ya yi kuskure, buhu ɗaya ne ko biyu. Na'ura in ta kauce, duk buhun da ya bi ta kanta ya tafi da giɓin. Mu yi lissafi: in rabin kilo ya ɓace a kowane buhu mai kilo 50, a buhu 1,000 an rasa kilo 500, wato buhu goma cif. Wa zai biya? Mu ƙananan 'yan kasuwa masu fasa buhu mu sayar mudu-mudu. Sai mun kai gindin buhu mu ga riba ta gudu.

Kilo ɗin kansa ma ba a bar shi haka ba. Daga 1889 zuwa 2019, wani curin ƙarfe da aka adana a ƙasar Faransa shi ne uban kilo na duniya, kuma lokaci-lokaci akan kai kwafinsa na ƙasashe a gwada su da shi. In an binciki waɗannan, ina ga sikelin kamfani?

Don haka ina kira ga sashen awo da ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki ta Tarayya da hukumar SON da su riƙa kai ziyarar ba-zata kamfanoni da nasu ƙarafan awon, su manna takarda mai kwanan wata a jikin kowace na'ura. Masu kamfani kuma kada ku kori tsofaffin ma'aikatan awo, ku koya musu saita na'urar. 'Yan'uwana na kasuwa, mu yi karo-karo mu sayi sikeli mai kyau, mu auna kaya tun dillali bai tafi ba.

Allah Ya sa masu abin su ji.

Naku,
Wani ɗan tireda,
Kasuwar Singa, Kano.