Waiwaye: Farin man da masu gyaran rediyo suka sani

Waɗanda muka tashi a Birnin Ƙonni cikin shekarun 1980 muna tuna rumfunan masu gyaran rediyo: tebur ɗaya, kwanon tsofaffin ƙusoshi da wayoyi, da ƙarfen dalma da ake turawa cikin garwashi idan babu wuta. Can muke kai rediyoyin da muke kama Muryar Sahel da BBC da Rima ta Sakkwato, can ake kai rikoda da amfilifayar masallaci. Idan amfilifaya ta mutu, galibi babban tiransisto ne ya ƙone, irin 2N3055 ɗin nan mai hular ƙarfe da ake ɗaurewa da ƙusa biyu a jikin farantin alminiyam. Mai gyara zai kwance mataccen, ya goge wurin har ya yi ƙyalli, ya buɗe ɗan gwangwanin wani farin mai mai kauri, ya lakato da tsinken ashana, ya shafa siriri kafin ya ɗaure sabon. Yaran shago kan so su tsallake wannan saboda gaggawa. Maigida ba ya yarda, domin ya san tiransiston da aka ɗaure a bushe ba ya kai ƙarshen tafsirin azumi.

Yau 'ya'yan waɗancan yaran ne ke zuwa mana da tambaya, waya a hannu. Sun ga bidiyon Turawa ana yabon Arctic MX-4 da Noctua NT-H1 da Thermal Grizzly, suna son sanin ko ya dace su kashe kuɗi su sayi irin wannan man sanyaya su shafa wa firosesar kwamfutarsu. Gani suke sabon ilimi ne daga waje, alhali a bakin kasuwarmu aka daɗe ana aiki da shi.

Dalilin man ɗaya ne, jiya da yau. Saman firosesa da ƙasan ƙarfen da ke zuƙe mata zafi sumul suke a ido, amma cike suke da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Idan aka haɗa su, iska ke maƙalewa a ramukan, ita kuwa iska rowa gare ta wajen wuce da zafi. A ma'aunin masana, jan ƙarfe na kusan 400, iska ba ta wuce 0.03 ba, yawancin man sanyaya kuma yana ƙasa da 10. Ka ga ke nan man ya fi iska nesa ba kusa ba, amma ko kusa bai kama ƙafar jan ƙarfe ba. Shi ya sa siriri ake shafawa, kamar yaɓen da muke yi wa tsagar bango kafin damina: cike tsagar ake nufi, ba ƙara wa bango kauri ba. Tsofaffinmu ba su san waɗannan alƙaluma ba, tsinken ashanarsu dai bai taɓa cika hannu ba.

Sai zamanin siber, wato shagunan intanet, ya zo. Pentium 4 ta fito a ƙarshen 2000, wadda aka yi a 2004 kuma wasu nau'o'inta na shan fiye da wat 100, duk zafi suke zama. Muna tuna yadda cikin Afrilu, da an yi azahar, kwamfutocin shagunan buga takardu ke ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya, mutum na tsakiyar rubuta takardar neman aiki. Wani ya cire murfin gefe ya kafa mata fankar tebur, wani ya ce ƙwayar cuta ce, a share komai a sake zuba Windows. Aka yi ta sharewa, ciwo na nan. A wasu shagunan sai da aka ɗauko tsohon mai gyaran rediyo, wanda ko kunna kwamfuta bai iya ba. Ya taɓa ƙarfen da bayan yatsa, ya kwance fanka, ya zaro dunƙulen ƙura daga haƙoran ƙarfen, ya hure saura da famfon keke, ya kankare tsohon man da ya bushe ya tsattsage, ya shafa nasa. Na'ura ta yini tana aiki. Da tsohuwar zuma ake magani.

A nan ne, a ganina, muka yi sake. Sabbin masu gyara sun ƙware a kan manhaja, suka bar ilimin ƙarfe da zafi ya tafi da masu shi. Ga shi kuwa yanzu muka fi bukatarsa. Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibanmu, da 'yan kasuwar albasa na Galmi, da ma'aikata a Malbaza da Illela da Badagishiri, na hannu ne: HP da Dell da Lenovo da suka yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso mana. Man da ke cikinsu tun na masana'anta ne. An saba kunna su a ɗaki mai digiri 20 da ɗoriya, mu kuwa bazararmu na haura 40, wato tun kafin a danna komai an ci firosesa bashin digiri 20. Ga ƙurar hunturu, ga ta manyan motocin da ke kai-komo a kan babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa. Da zafin firosesa ya doshi 95 zuwa 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Shi ne nauyin nan da kukan fanka da muke ɗora wa tsufa.

To, a sayi man ko kada a saya? Wanda kwamfutarsa sabuwa ce ya bar ta yadda ta zo. Na masana'anta ya isa, fankar da Intel ko AMD ke haɗowa da firosesa ma da mai a shafe take zuwa. Wanda tasa ta hannu ce, tana zafi tana ɗaukewa, shi kam sauya man ya cancanci kuɗinsa, bayan an fara fitar da ƙura, don man duniya ba ya maganin hanyar iska da ta toshe. Amma ba sai mafi tsada ba. Tsakanin mai kyau matsakaici da wanda ya fi kowanne tsada, 'yan digiri kaɗan ne. Babbar tazarar tana tsakanin busasshe da sabo. A goge tsohon tas da tsumma mai tsabta da alkol mai ƙarfi, a bari ya bushe, a ɗiga kamar ƙwayar dawa, a ɗaure ƙusoshin bi da bi, kusurwa da kusurwa. A guji jabu marar suna da ke tsinkewa ya zama ruwa, araha ba ta ado. Man goge baki da wasu ke shafawa bushewa yake cikin 'yan kwanaki. Shi kuwa narkakken ƙarfen nan da ake yayi, galiyam ne a cikinsa: yana cin alminiyam, yana kuma wuce da wutar lantarki, ɗigo ɗaya ya kauce ya kashe allon na'ura gaba ɗaya.

Ku masu gyara na Ƙonni da Malbaza da Illela, don Allah idan aka kawo muku laftof mai nauyi, ku duba zafinta kafin ku share wa mutum takardunsa. Kai kuma mai ita, kai ta a buɗe, a hure, a sauya man cikin Fabrairu, tun bazara ba ta kama ba.