Jamusawa Sun Gyara Shehu Umar, Mu Kuma Ko Bangon Haska Shi Ba Mu Da Shi

Jama'a, ga hutun Sallah ya sake zagayowa, ina da tambaya ga iyayen Kura da Bunkure da Garun Malam. In an sauko daga idi, an ci tuwon Sallah, an yi ziyara, ina yaranmu za su da daddare? Mai ɗan kuɗin tumatir ko na shinkafa zai hau mota ya tafi birni kallon Hawan Daushe ko gidan zoo. Sauran kuwa mun san inda suke. Suna gidan kallon ƙwallo suna musu a kan Arsenal da Chelsea, ko suna ƙuryar ɗaki da waya a hannu, suna kallon abin da ba mai iya faɗa a gaban mahaifiyarsa. Mu kuma muna waje a kan tabarma muna alfahari wai mun kashe silima.

A shekarar 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shehu Umar, daga littafin marigayi Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarin yaro ne da aka sace aka tsallaka Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa tana nema har ita ma ta faɗa bauta, shi kuma ya tashi ya zama babban malami. Fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru. Sai a 2016 aka tsinto faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Bature ya sayi tikiti ya zauna fiye da awa biyu yana sauraron Hausa. To ka tsaya a tashar Kura ka tambayi samari ko akwai wanda ya taɓa ganinsa. Wallahi abin kunya ne.

Shehu Umar ma ya yi sa'a. Ina Maitatsine na Sule Umar? Ina Ƙasarmu Ce na Saddik Ɓalewa, da Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu? Ina Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, wanda daga shi aka fara lissafin fim ɗin Hausa na bidiyo? In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino fa, da Sangaya, da Wasila? Yawancin na bidiyon nan a kaset aka sayar da su, kaset kuwa zafi da ƙura da damina suna cinye shi. Abin da kake samu a YouTube sau da yawa kwafin kwafi ne, hoto dishi-dishi, murya kamar daga rijiya. Wannan laifin 'yan fim ne da kansu. Sun iya bikin karrama juna a otal, amma ma'ajiya ɗaya da ɗalibi zai shiga ya ce a ba shi fim ɗin 1995 ta gagare su.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: silima matattarar 'yan iska ce. Ba daga sama wannan magana ta faɗo ba. Tun da aka buɗe Rex a Kano a 1937 mutanen birni ke yi wa silima kallon gidan baƙi da 'yan bariki. Da gobarar El-Duniya ta ranar 13 ga Mayu, 1951 ta ci mutum 331, da yawa sun ce azaba ce ta sauka. Wanda ya san Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba a ƙarshen zamaninsu ya san akwai hayaƙi, akwai 'yan daba, kuma mace mai mutunci ba ta zuwa. Duk na yarda. Amma don Allah me muka kafa a gurbinsu? Palace ta Jakara ta zama asibiti, madalla. Wapa yanzu in ka ambace ta, canjin dala ake tunawa. Kallon kuwa bai tsaya ba, ya dai tashi daga fili inda kowa ke ganin kowa ya koma cikin aljihun yaro, inda babu Hisbah, babu hukumar tace fina-finai da aka kafa tun 2001, babu uba. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Haka muka yi a 2016, nan kusa da mu a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji. Gwamnatin tarayya ta ce za ta gina ƙauyen fim na naira biliyan 3, aka yi ca daga mumbari har Facebook, aka janye. Masu adawa suna da 'yancinsu, wasu cikin tsoronsu ma da hujja. Sai dai ina tambaya: tun daga ranar, fim ya daina fitowa? Tarbiyya ta gyaru? Abin da kawai aka tabbatar shi ne ba za a yi shi a inda za mu sa ido ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, mu mutanen karkara ba baƙin kallon taro ba ne. Iyayenmu sun san majigi. Motar gwamnati ta zo da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar dagaci, maza gefe, mata gefe, yara a gaba, mai sharhi yana bayani da lasifika. Da majigi aka nuna Baban Larai a shekarun 1950 don koya wa manoma noman auduga da gyaɗa na zamani. Ba wanda ya ce dagaci ya buɗe gidan iskanci. Yankin da ya karɓi ruwan Tiga tun zamanin Audu Bako, ya koyi noman rani har yana ciyar da kasuwannin kudu da tumatir daga Kwanar Gafan, shi ne zai kasa haɗa majigi ɗaya da janareta? Haba!

Ga abin da nake nema, kuma ba kuɗi ne mai yawa ba. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in yaɗa labarai, mu da muke aikin gwamnati kuma mun san ba a rasa kason wayar da kai a kasafi. A ware dare uku na Sallah. A zaɓi filin firamare a Kura, a Bunkure, a Kadawa. A fara bayan isha'i a tashi kafin goma. Wurin mata daban da ƙofarsu, 'yan sintiri da Hisbah su tsaya, hakimi da limami su zauna a sahun gaba. Daren farko Shehu Umar, sannan malamin tarihi ya yi wa yara bayanin cinikin bayi ta hamada na minti goma. Dare na biyu Turmin Danya ko In Da So Da Ƙauna. Na uku a roƙi ARTV da NTA su buɗe ma'ajiyarsu su ba mu Kuliya Manta Sabo da Samanja, dattawa su yi dariya tare da jikokinsu. Kuma a biya masu fim haƙƙinsu, kada a je a kwafo a kasuwa, don satar fasaha tana cikin abin da ya durƙusar da sana'ar.

Tun watan Janairun 2024 Ali Nuhu ne shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya, hukumar da aka tsinci Shehu Umar a ma'ajiyarta. Shi ne yariman Sangaya. Ranka ya daɗe, in fim ɗin ya iya zuwa Balin, zuwa Kura ba zai gagara ba. Shugabannin ƙananan hukumominmu kuma, wasiƙa ɗaya ce za ku rubuta, ba kwangila ba ce.

Malamaina da ke shirin yi mini raddi, ina girmama ku, sharaɗina ɗaya ne: ku kalli Shehu Umar tukuna, gani ya kori ji. In kun sami abin da ya saɓa wa shari'a a labarin uwa mai neman ɗanta da almajirin da ya zama shehi, ku nuna mana shi a nan kowa ya gani. In ba ku samu ba, ku zo ku buɗe mana taron da addu'a.

Wanda yake da tsohon kaset a akwati kada ya zubar, ya yi magana a ƙasa. Allah ya maimaita mana, ya shirya mana zuri'a.