Zakunan Keji a Afirka ta Kudu: An Ce a Rufe, To Wa Zai Ciyar da Su?

A watan Mayun 2021 ministar muhalli ta Afirka ta Kudu, Barbara Creecy, ta sanar cewa gwamnati za ta kawo ƙarshen kiwon zakuna don kasuwanci, kuma a 2024 majalisar ministoci ta amince da wannan manufa. Ana kiyasin akwai zakuna wajen 8,000 a gonaki kusan 350, fiye da ninki biyu na waɗanda ke dajin ƙasar.

Ga yadda sana'ar take. Ana raba ɗan zaki da uwarsa tun yana jariri, ƴan yawon buɗe ido su biya su rungume shi. In ya girma, sai a sake shi cikin shinge, wani mai kuɗi daga Turai ko Amurka ya harbe shi, ya tafi da kai. Ƙasusuwan kuma a tura su Asiya a yi magani da su. A 2018 gwamnati ta ba da izinin fitar da ƙwarangwal 1,500, kafin kotu ta ce a 2019 an saɓa doka wajen tsayar da adadin.

Mu dai ba mu kiran wannan farauta. Shari'a ta halatta farauta don buƙata, amma Manzon Allah (SAW) ya la'anci wanda ya mai da abu mai rai abin gwada harbi. Dabbar da ta saba karɓar abinci daga hannun mutum, ba ta da wurin gudu, ina jarumtar?

Sai dai rufewar ma da sauran rina a kaba. Zakin da ya tashi a keji bai iya kamun nama ba, ba a sakinsa a daji. Masu gonakin suna neman diyya, leburori suna tsoron rasa aiki. In kuɗi suka daina shigowa, wa zai sayi naman ciyar da dubban zakuna? Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wanda ya tsare dabba, abincinta na wuyansa, ko da riba ko babu.

Masu kiwo na cewa suna kare zaki daga ƙarewa. Zakunan Afirka ta Yamma, da ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba, akasarinsu a dazukan W, Arli da Panjari tsakanin Nijar, Burkina Faso da Benin, ba su amfana da kejin nan da komai ba. Matsalarsu rashin tsaro ce da ƙarancin namun dajin da suke ci.