Brazil: Wa Zai Iya Kayar da Lula?

Ka san Brazil da ƙwallo, amma a Oktoban 2026 wasan na akwatin zaɓe ne. Shugaba Lula na neman wa'adi na huɗu. Jair Bolsonaro kuwa an hana shi takara har 2030, ga ɗaurin shekara 27 kan yunƙurin juyin mulki.

To, wa masu ra'ayin riƙau za su tsayar? Akwai ɗansa Sanata Flávio, da Ronaldo Caiado, da Romeu Zema.

A ganina, sunan uba ba zai wadatar ba. Da kashi 50.9 Lula ya sha a 2022, don haka 'yan ba-ruwanmu ne za su raba gardama, kuma su farashin abinci suke dubawa. Kar yawan mabiya a Instagram ya ruɗe ka, ba shi ne ƙuri'a ba.